Tawadar da Ke Cin Littafin Kaka

Mutumin da ya ɓata abu yana ƙoƙarin gyara shi, daga yaushe laifinsa yake farawa? Daga ranar da hannunsa ya taɓa abin, ko daga ranar da ya gane ɓarnar da ya yi, ya ja bakinsa ya yi shiru? Shekara shida ina juya wannan tambaya a raina, ina zaune a shagona na gyaran rediyo da waya a bakin kasuwar Ƙanƙara. Na taɓa kai ta gaban malamai biyu, amma na ce musu wani abokina ne a Sabuwa abin ya shafa. Shi ya sa amsar da suka bayar ta wuce Sabuwa, ba ta tsaya a wurina ba.

Kakanmu Malam Uwais ya rasu ya bar littafi guda wanda ya rubuta da hannunsa. Warƙoƙi ne ɗari biyu da sha huɗu, ba a ɗinke suke ba, an dai jera su cikin bangon fata an ɗaure da igiya, aka sa a gafaka. Akwai waƙoƙin wa'azi da ya tsara da ajami, akwai asalin gidanmu, akwai magungunan shanu da ya koya wurin makiyaya. Yana hannun yayana, Malam Abdulƙarim, wanda ke limanci a unguwarmu ta Mabai.

Shekara shida da suka wuce tawadar ta fara cin takarda. Da farko sai ka ga wani ja-ja ya kewaye harafi kamar an ɗiga shayi. Bayan wani lokaci wurin ya bushe ya yi ƙayau, idan an ɗaga warƙar sai harafin ya faɗo, ya bar rami mai siffarsa. Ba duk littafin abin ya kama ba. Warƙoƙi talatin da ɗaya ne, kuma ni ban taɓa buƙatar ƙirga su ba.

A shekarar da mahaifinmu ya rasu, shekara sha tara ke nan, Yaya ya tafi aikin hajji ya bar mini littafin ajiya. Ni ne ɗan gidan da ya bar allo da wuri ya bi wayoyin rediyo, duk abin da na sani daga baya da kaina na tsince shi. Da na buɗe littafin na ga wasu shafuka sun koɗe har ba a iya karanta su sai an fita rana. Na je na tsinko bagaruwa, na samo ƙusoshi masu tsatsa, na jiƙa su kwana bakwai a cikin wata tasar jan ƙarfe da na aro wurin goggonmu Mero, na zuba ƙaro, na feƙe alƙalami. Wata biyu ina bin sawun rubutun Kaka harafi bayan harafi. Hannuna bai karkace ko sau ɗaya ba. Da Yaya ya dawo ya buɗe, sai ya ce, "Dubi albarkar Malam, tawadarsa kamar jiya aka rubuta." Daɗin da na ji a ranar ya hana ni magana. Daga baya kuma wani abu daban ya hana ni.

Bana ne 'yar Yaya, Amatullah, ta zo hutu daga Turai inda take karatun digiri na uku a kan sinadaran ƙarfe. Ranar Litinin Yaya ya aiko in zo. Na hau mashin na tafi Mabai, na same su a zaure, littafin a buɗe kan buzu, ita kuma ta durƙusa tana duban warƙa da gilashin ƙara girma, ba ta taɓa ta da hannu ba.

"Baffa, sannu da zuwa. Ina ce wa Baba wannan ciwon yana da magani, amma sai an san abin da ke cikin tawadar."

"Bagaruwa ce da ƙarfe," in ji Yaya. "Kowa ya san wannan."

"Ƙarfen ne nake son in sani, Baba. Shi ƙarfe a cikin tawada hali biyu gare shi. Akwai wanda ya zauna lafiya, akwai wanda yake ta motsi yana ƙona takarda a hankali. Akwai wata mata a Kaduna, aikinta ke nan jinyar tsofaffin littattafai. Ta ce in kawo mata sakamako, ta haɗa ruwan wankin da ya dace. In aka yi kuskuren magani, ruwan da kansa zai kwashi ciwon ya raba wa sauran warƙoƙin."

Ta ba mu labarin na'urar da ake irin wannan gwajin da ita can Turai. Ta ce wani dogon rami ne a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa ya fi daga Mabai zuwa gonar Yaya ta fadama, kuma abin da yake fitarwa haske ne irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai an tattara shi wuri guda ya zama tsinke, shi ne suke kira leza. Walƙiya ɗaya yake yi, gajeriyar da ƙiftawar ido shekaru ce a kanta. Kowane ƙarfe yana da ma'aunin hasken da yake haɗiya, kuma daga yadda ya haɗiye shi ake gane halin da yake ciki. Malaminta ya shekara biyu yana neman a ba su kwana biyar a kan na'urar. An ba su a wata mai zuwa, shi kuma ya yarda ya ba ta awa guda daga ciki.

"To a kai littafin can?" in ji Yaya, fuskarsa ta canza.

"A'a. Ɗan yanki nake so, kamar ƙwayar dawa, daga inda tawadar ta yi kauri a layin da ke ciwo. Amma in gaya muku gaskiya, ba zai dawo ba. Hasken yana ƙone inda ya taɓa. Amsar ce kawai take riga ƙunar fitowa."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce ba za a sa reza a layin da Malam Uwais ya rubuta ba ina raye. Na ce akwai sunan Allah a cikin waɗannan layuka, akwai salati, ta yaya za a yanki harafi a kai ƙasar wasu a ƙone? Na kawo hujjoji har uku, na jera su da kyau, ni da ba a taɓa jin na ja aya a zauren nan ba. Yaya yana ta kallona da mamaki, har da wani ɗan girmamawa wanda ban saba gani a idonsa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

"Zailani ya yi gaskiya," in ji shi. Ya shafa gemu, sannan ya nuna gindin warƙar. "Amma ga wannan."

Littafin da ba a ɗinke ba yana da dabararsa. A gindin kowace warƙa, can gefen hagu, marubuci yakan sa kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowace mazauninta. Kalmar maimaici ce, tana nan a shafi na gaba. Yaya ya ce in an ɗauki ɗaya daga cikinsu ba a rage komai daga maganar Malam ba, sai a sa lamba da fensir a madadinta.

"Tawada ɗaya ce ai," in ji Amatullah. "Hannu ɗaya, kurtu ɗaya. Ya yi, Baba."

Na sunkuyar da kai. Waɗannan kalmomi na gindi ban taɓa bin sawunsu ba, domin a lokacin ban ɗauke su a bakin komai ba. Tawadar Kaka ce zalla a kansu.

Aka tsayar da Laraba da safe za a yi yankan, don Alhamis za ta kama hanyar Abuja. Kafin in tashi ta roƙe ni in je Sheme wurin Goggo Mero, autar Kaka, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga yana dafa tawada, in tambayo mata yadda yake yi.

Talata da hantsi na tafi. Hanyar Sheme ba a yin sakaci da ita yanzu, kowa so yake ya je ya dawo kafin la'asar, amma ni sai na riƙa rage gudu ina tsayawa ba dalili. Na tsaya na duba taya wadda lafiyarta ƙalau. Na tsaya na sayi rake ban sha ba. A raina ina ta gina magana: Kaka ya rasu, babu abin da zai same shi in aka ce tawadarsa ce ta yi ɓarna. Wa aka cuta? Sai wata zuciyar ta ce, to matar Kaduna fa, da wane sakamako za ta haɗa ruwanta? Sai ta farkon ta ce, wa ya tabbatar maka tawadarka ce? Wataƙila waɗancan warƙoƙin dama su ne masu rauni, shi ya sa suka fara koɗewa. Wannan hujjar ta raka ni har kusan kilomita biyar kafin ta gaji.

Na sami Goggo a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƙafafunta a miƙe.

"Wa nake gani kamar mai rediyo? Hala rediyoyin Ƙanƙara sun ƙare ne aka tuna da ni?"

Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗiyar Abdu ce ke son sanin tawada? Ta je Turai ta dawo tana tambayar bagaruwa." Ta yi dariya har da tari. "Ka gaya mata, bagaruwar da ta bushe a bisa uwarta, ba wadda ta faɗo ƙasa ba. Kashin maƙera, wanda ake kwasowa a bakin maƙera in wuta ta mutu. Ƙaro kaɗan. Kwana ukku, ba a ƙarawa."

"A cikin me yake jiƙawa, Goggo?"

"Mi kuwa in ba tukunyar ƙasa ba? Sabuwa ma, wadda ba ta taɓa ganin miya ba. Wata rana ina yarinya tukunyar ta fashe, na juye mashi a tasa don in yi gwaninta. Bai buge ni ba, shi ba ya bugu. Ya ɗauki tawadar duka ya kai bayan gida ya zubar, ya ce jan ƙarfe da tawada ba su zama wuri guda, in sun zauna takarda ce ke shan wuya. Kwana biyu bai yi mani magana ba."

Na ce to, na gode, na fara neman takalmina.

"Zauna mana, ina kake sauri? Ai maganar tasar nan ta tuna mani. Shekarar da babanku ya rasu ka ari tawa, ka ce za ka jiƙa maganin basir." Ta jefa gyaɗa a baki tana dubana ta gefen ido. "Ta dawo mani baƙa ƙirin, bakinta kore. Kwana ukku ina dirza ta da toka. Na ce wanga basir na Zailani da alƙalami za a yi mashi magani."

"Goggo..."

"Ni ban ce komi ba. Shekara sha tara ban ce komi ba, yau zan fara? Ungo gyaɗa ka kai ma yara."

Na dawo Ƙanƙara kafin azahar, na buɗe shago, na kasa aiki. Na kwance wata rediyo na rasa abin da ya sa na kwance ta. Na fita na zaga layin masu kayan miya na dawo. Wajen la'asar sai ga Amatullah ta shigo gari sayen tsaraba, ta biyo da wayarta wadda ba ta kama caji sosai. Na ba ta kujera, na faɗa mata abin da Goggo ta ce game da bagaruwa da kashin maƙera da tukunyar ƙasa. Maganar tasar jan ƙarfe kuwa na bar ta a cikina. Tana rubutawa ina goge bakin cajin da burushi.

"Wannan na'urar taku," na ce, ban ɗaga kai ba, "duk abin da ke cikin tawadar take nunawa?"

"A'a, Baffa. Ai ku za ku fi kowa ganewa. Kamar rediyo ce. Kowane ƙarfe da tasharsa. In ka murɗa ka tsaya a tashar baƙin ƙarfe, shi kaɗai za ka ji, ko da wasu goma suna ta magana a gefe."

"In ana son a ji wata tashar fa? A ce jan ƙarfe."

"Sai an sake saita na'urar, kuma wannan yana cin lokaci. Dole in rubuta musu tun yanzu in ce ga abin da nake nema, ga dalili. Awa ɗaya gare ni." Ta ɗago ta dube ni. "Jan ƙarfe mugu ne a takarda, ya fi baƙin ƙarfe ɓarna nesa ba kusa ba, kuma wankin da ake yi wa ɗaya ba ya isar wa ɗayan. Amma me zai kawo shi tawadar da aka jiƙa a tukunyar ƙasa?"

"Tambaya ce kawai."

"Baffa da tambaya," in ji ta tana murmushi. "Baba ya ce tun kuna yara kuke hana shi barci da ita."

Na miƙa mata wayar. Bayan ta tafi na zauna na lissafa abin da zai faru, dalla-dalla, kamar yadda nake bin waya a cikin rediyo. Za a yanki kalmar gindi. Za a harba mata haske a tashar baƙin ƙarfe. Sakamako zai fito mai tsabta, na gaskiya, a kan tawadar da ba ita ke ciwo ba. Matar Kaduna za ta haɗa ruwa ta tsoma warƙoƙina talatin da ɗaya tare da maƙwabtansu. Babu wanda zai yi ƙarya a cikinsu. Ni ma ba sai na buɗe baki na yi ƙarya ba, zama kawai zan yi a kan buzu in yi shiru, a matsayin mutumin da ya kare alfarmar rubutun kakansa.

Laraba na isa Mabai rana ta ɗan ɗaga. Yaya ya yi alwala ya zauna, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora warƙa ta tamanin da bakwai a kan wani gilashin taga da aka wanke. Amatullah ta ajiye wata 'yar kwalba mai murfi da ɗan hantsaki. Ya ɓare sabuwar reza daga takardarta, ya yi bisimilla, ya kai hannu gindin warƙar. Sai ya janye hannun ya miƙo mini rezar.

"Zailani, kai ne mai hannun aikin ƙanana. Karɓi."

Na karɓi rezar. Na dubi kalmar gindin, siririya, ruwan ƙasa, lafiyarta lau bayan shekara kusan ɗari. Na dubi layukan da ke samanta, baƙaƙe, masu kauri, kowanne da jan kewaye.

"Yaya, wannan kalmar ba za ta gaya mata komai ba. Ita tawadar Malam ce. Ta saman tawa ce."

Bai gane ba da farko. Na faɗa masa duka: shekarar hajjinsa, koɗewar shafukan, ƙusoshi, kwana bakwai, tasar Goggo. Na faɗi adadin warƙoƙin da inda suka fara da inda suka ƙare. Ban daɗe ina magana ba, abin da na shekara shida ina ɗauke da shi bai kai minti uku a baki ba.

Yaya ya jawo littafin ya buɗe warƙa ta sittin da biyu, ya duba, ya buɗe ta casa'in da biyu, ya duba ta bayanta. Ya rufe.

"Ranar Litinin," in ji shi a hankali, "da kake ta kawo hujja, har na ce a raina ashe ƙanena ya yi karatu ban sani ba."

Ya ɗora hannu a kan bangon littafin, ya ci gaba.

"Shekara shida ina tsammani ni ne. Na ce ko ɗakin ne ke da laima. Na canza ɗaki sau biyu. Na daina buɗe shi gaban baƙi don kunya."

Wannan ban taɓa sanin sa ba, kuma a duk lissafin da na yi na waɗanda shiruna zai cuta, ban taɓa sa shi a ciki ba.

Amatullah ta riga ta ciro wayarta. "Baffa, tasar jan ƙarfe ce zalla ko gauraye? Bakinta ya yi kore?"

"Ya yi kore."

"To zan rubuta musu yau a saita tasha biyu. Amma yankin dole ya fito daga layin da kuka bi, inda ya fi kauri." Ta dubi mahaifinta. "Baba, sai da izininku."

Yaya ya sunkuya kan warƙar. Sannan ya sa yatsa a gefen layi na bakwai, bai taɓa rubutun ba, ya bi shi da ido har ƙarshe.

"Nan maganar kumburin cikin saniya ce, babu sunan Allah a ciki. Amatullah, rubuta layin duka kafin a taɓa." Ya karanta mata da ƙarfi sau biyu, ta rubuta, ta maimaita masa. Bai dube ni ba da ya ce, "Kai ka san inda ka fi danna alƙalami."

Na sani. Akwai wani harafi kusa da ƙarshen layin inda tawada ta taru mini, har na tsorata a wancan lokacin. Na gyara zama, na dafe gefen warƙar da bayan hantsakin, na sa bakin rezar a kansa na yanka.